Jackie Nava: ina girman 'yar damben da ta sha kaye sau huɗu?

Tambaya: Malam, na ga ana ta yabon wata 'yar damben boksin ta ƙasar Meziko mai suna Jackie Nava, har ana sa ta cikin waɗanda suka kafa damben mata a duniya. Da na duba lissafin wasanninta sai na ga an doke ta sau 4, ta yi canjaras sau 4, kuma ko rabin nasarorinta ba da kisa ta same su ba. To ina girman yake? Ko dai yabon 'yan gida ne kawai?

Amsa: Lissafin da ka gani daidai ne. Ta yi wasa 48 a matsayin ƙwararriya, ta ci 40, 16 daga ciki da kisa, ta faɗi 4, canjaras 4. Inda ka yi kuskure shi ne yadda ka karanta shi, kuma ba kai kaɗai ba ne. Tun zamanin Floyd Mayweather, ɗan damben Amurka da ba a taɓa doke shi ba a damben kuɗi, matasa suka ɗauka cewa ɗan damben kirki shi ne wanda gurbin faɗuwarsa ke ɗauke da sifiri. Alhali sifiri abu ne da mai shirya wasa ke iya saya wa yaronsa, ya yi ta nemo masa waɗanda ba su kai shi ba har shekara goma. Abin da ba ya sayuwa shi ne sunayen da ke gefen lambobin. Saboda haka bari mu bi sunayen.

Kafin nan sai ka san irin ƙasar da ta taso a ciki. Meziko gidan dambe ne, can ne mahaifar Julio César Chávez da Canelo Álvarez, kuma hedikwatar WBC, ɗaya daga cikin manyan hukumomin da ke naɗa zakarun damben duniya, tana birnin Meziko. Duk da haka, a wannan babban birnin akwai doka tun shekarun 1940 da ta haramta wa mata damben kuɗi. Wata lauya kuma 'yar dambe mai suna Laura Serrano ce ta tsaya kai da fata a kan dokar. Ita dole ta sa ta fara wasanta a Amurka: a watan Mayun 1994 ta kara da Christy Martin a Las Vegas, aka tashi canjaras, a lokacin da Martin ce sunan da kowa ya sani a damben mata. A 1998 an shirya Serrano za ta yi wasa a birnin Meziko a daren da Chávez ya kara da Miguel Ángel González, hukuma ta hana. Sai 1999 aka ɗage dokar, kuma ranar 3 ga Yulin shekarar aka yi wasan mata na halal a Arena México. Cikin waɗanda suka hau fage a daren akwai wasu 'yan mata biyu, Ana María Torres da Mariana Juárez. Ka riƙe sunayensu, za su dawo.

Jacqueline Nava Mouett an haife ta ranar 11 ga Afrilun 1980 a Tijuana, garin da ke manne da iyakar Amurka, ana furta shi Tihuwana. Ba da boksin ta fara ba. Ta bi ta kareti da damben da ake haɗa naushi da shuri, sannan ta juya zuwa boksin zalla. Ta kuma yi karatun zanen gine-gine har ta kammala. Wasanta na farko na kuɗi a 2001 ne, a Honolulu ta tsibirin Hawaii, ta kuma ci. Laƙabinta La Princesa Azteca, wato Gimbiyar Aztek.

Shekarar da ta sa sunanta cikin littafi ita ce 2005. A Fabrairu ta ɗauki kambun WBA, wata hukumar damben duniya irin WBC, na ajin bantam, wanda iyakarsa kilo 53.5. Ranar 30 ga Mayu kuma, a garinsu Tijuana, ta doke Ba'amurkiya Leona Brown da maki bayan turmi goma, ta ɗauki kambun WBC na ajin da ke sama da shi, kilo 55.3. Wannan shi ne kambun duniya na farko da WBC ta taɓa bai wa mace, a kowane aji. Shi ya sa duk inda aka ambaci Nava za ka ji an ce ita ce ta farko.

To ni a nan nake rabuwa da masu yabon. Wannan farkon, da sa'a a cikinsa. Shekarar ce WBC ta yanke shawarar fara naɗa zakarun mata, dole wata ta zama ta farko, hukumar 'yar Meziko ce, Nava kuma tana kan ganiyarta a garin da ke da masu shirya wasa da 'yan kallo. Leona Brown jaruma ce mai taurin kai, amma ta haura shekara 40 a lokacin. Da a nan labarin ya tsaya, da na yarda da kai cewa yabon ya fi aikin. Girman Nava yana cikin abin da ya biyo baya, kuma ya fara ne daga daren da ta fi kowane dare shan wuya.

Ranar 20 ga Mayun 2006 aka kawo mata wata 'yar Ajantina da ba a san ta sosai a waje ba, Alejandra Oliveras, wadda ake wa laƙabi da La Locomotora, wato kan jirgin ƙasa. Sunan ya dace da ita: gajeruwa, kakkaura, ba ta san ja da baya ba. A gaban mutanen Tijuana ta kashe Nava a turmi na takwas ta tafi da kambun. Ka auna abin: shekara ɗaya kacal da zama zakarar farko, a gida, ba da maki ba, da kisa. 'Yan dambe da yawa irin wannan daren ne ƙarshensu ko da sun ci gaba da sa safa, domin daga nan ba sa ƙara yarda da haɓarsu. Masu kula da su ma sai su dinga kauce wa duk mai nauyin hannu.

Me Nava ta yi? A 2007 ta bi Oliveras har gida, Córdoba ta Ajantina, aka yi turmi goma aka tashi canjaras. Wanda ya san dambe ya san ma'anar baƙo ya samu canjaras a garin mai kambu. Amma canjaras ba ya karɓe kambu, ta dawo hannu rabbana. A Disambar 2008 Marcela Acuña ta ƙwace kambun daga hannun Oliveras, sai Nava ta sake ɗaukar jaka a Afrilun 2009 ta nufi Luna Park a Buenos Aires, gidan damben da ya fi kowane daraja a Ajantina. Acuña, La Tigresa, wato Damisa, ita ce mace ta farko da aka bai wa lasisin dambe a ƙasarsu, kuma wasanninta biyu na farko da Christy Martin da Lucia Rijker ta yi su, abin da ko mahaukacin koci ba zai zaɓa wa sabon shiga ba. Ta doke Nava da maki.

Sai 2011, shekarar da in za ka tambaye ni ita ce ƙololuwar aikinta, ko da yake ba ta ci babban wasanta ba a cikinta. Ana María Torres, La Guerrera, Mayaƙiya, 'yar Nezahualcóyotl ce a gefen babban birni, tana riƙe da kambun WBC na kilo 52.2. Mutanen Meziko sun daɗe suna gardamar wace ce gwanar gwanaye tsakaninsu. Torres ta hauro, Nava ta sauko, suka haɗu ranar 16 ga Afrilu a jihar Veracruz. Alƙalai uku duk suka rubuta 95 da 95. Ranar 30 ga Yuli aka sake a Tuxtla Gutiérrez ta jihar Chiapas, a kan kambun girmamawa na WBC da ake kira na lu'ulu'u, alƙalan uku suka ba Torres 96 da 94. Bari in fassara maka lambar. A boksin wanda ya ci turmi yana samun maki 10, abokin karawarsa 9. In babu faɗuwa ko yanke maki, 95 da 95 na nufin biyar da biyar, 96 da 94 kuma shida da huɗu. Wato a turmi ashirin da suka yi, turmi ɗaya tak da ya juya shi ne ya raba su.

Yanzu koma kan lissafin naka ka ƙirga. Tabo takwas ne: faɗuwa 4, canjaras 4. Oliveras ta ɗauki faɗuwa ɗaya da canjaras ɗaya. Torres haka. Acuña ma haka, domin sun sake haɗuwa a Puerto Vallarta a Mayun 2019, Nava na da shekara 39, Acuña 42, aka tashi canjaras. Shida cikin takwas ke nan a hannun mata uku, kowacce zakarar duniya, kuma kowacce Nava ta koma mata karo na biyu da ƙafarta. Wasu 'yan damben da ke yawo da sifiri ba su taɓa shiga fage da irin ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba: ba ta taɓa doke ko ɗaya daga cikinsu ba. Wasa shida, babu nasara. Saboda haka duk wanda ya ce maka Nava ce mafi gwaninta a zamaninta, ka tambaye shi ina zai kai Torres, wadda aka shigar da ita zauren girmama 'yan dambe na duniya da ke Canastota a jihar New York a 2024, shekara ɗaya bayan Laura Serrano. Ni a wurina Nava tana sahun gaba, amma ba ita kaɗai ce a sahun ba, kuma a ranar da aka gwada su Torres ta fi ta da taki ɗaya. Oliveras, Allah sarki, ta rasu a Yulin 2025 bayan bugun jini a ƙwaƙwalwa, tana da shekara 47, ta riga ta zama sananniya a Ajantina fiye da fagen dambe.

Batun kisa kuma. Mu da muka tashi da damben gargajiya kunnenmu ya saba cewa in ba a yi kisa ba, ba a yi komai ba, turmi uku a raba a ce babu kisa. Boksin ba haka yake ba, na mata kuma ya ƙara da nasa dalilin. Wasan kambun maza turmi 12 ne, kowanne minti uku, jimla minti 36. Na mata turmi 10 ne na minti biyu, jimla minti 20. Yawancin kisa ba daga naushi ɗaya yake zuwa ba, daga tarin duka ne da gajiya, musamman dukan ciki da haƙarƙari da ke cin ƙafafun mutum a hankali. Minti na uku na turmi shi ne lokacin da wanda aka jigata ke rushewa. A damben mata, da zarar kin girgiza abokiyar karawarki sai ƙararrawa ta cece ta, ta zauna minti guda ta farfaɗo. Don haka kisa 16 cikin nasara 40 a ƙaramin aji ba abin raini ba ne. Wannan doka ta minti biyu har yau ana rigima a kanta. WBC ta kafe cewa kariya ce ga lafiyar mata, wasu 'yan damben kuma suna ganin tauye su ake yi, a fage da kuma wajen biya. Amanda Serrano ta Puerto Rico, wadda ba ta da dangantaka da Laura duk da sunan ya zo ɗaya, ta yi turmi 12 na minti uku a Oktoban 2023, sannan ta ajiye kambunta na WBC saboda hukumar ta ƙi amincewa da hakan.

Minti biyun nan ya kuma dace da salon Nava. Ba mai jiran naushi ɗaya ba ce. Hannunta na da sauri, takan jera uku ko huɗu, sama da ƙasa, ta zame gefe kafin a rama. Wanda ya fito daga wasan shuri yakan zo da sanin tazara, domin ya saba tsayawa inda ƙafa ba za ta same shi ba, kuma ana ganin alamar hakan a yadda take shiga da fita. A gajeren turmi babu lokacin nazari, wadda ta fi yawan aiki mai tsabta ita alƙalai ke gani. Rauninta kuma shi ne mai ƙarfin da za ta matse ta ta hana ta wurin motsi, ta mayar da wasan turereniya. Oliveras ta yi hakan da ƙarfin tuwo, Torres ta yi da naci.

Abin da ya fi burge ni shi ne daga daren Chiapas na 2011 ba a sake doke ta ba har ta yi ritaya, shekara 11. A 2012 ta ɗauki kambun WBA na kilo 55.3 daga hannun Chanttall Martínez ta Panama. Ta dakata ta haihu, ta dawo a 2014, kuma a Satumbar shekarar ta karɓo kambun WBC da ta rasa tun 2006, wannan karon daga hannun Alicia Ashley, haifaffiyar Jamaika mazauniyar New York. Ashley bahaguwa ce, tsohuwar 'yar rawa, mai santsi kamar tarwaɗa, irin wadda ko ka doke ta ba za ka yi kyan gani ba. Alƙalai biyu suka ba Nava, ɗaya ya ce canjaras, kuma akwai masu ganin an yi wa baƙuwar rowa. Kada shekarun Ashley 47 su ruɗe ka: shekara guda bayan nan ta sake ɗaukar kambun tana da 48. Wani abin sha'awa, wannan kambun da Nava ta fara riƙewa ya zo Afirka daga baya, domin Fatuma Zarika ta Kenya ta karɓe shi daga Ashley a 2016, ta kare shi a Nairobi, kafin Yamileth Mercado ta mayar da shi Meziko a 2019.

A 2015 Nava ta shiga siyasa, ta ci kujerar majalisar wakilai ta tarayya daga wata mazaɓar Tijuana a jam'iyyar PAN, ta yi wa'adinta zuwa 2018. Ba zan yi hukunci a kan aikinta na majalisa ba, ba fagena ba ne. Ta fuskar dambe dai shekarun sun ci mata lokaci mai tsada, ko da yake ta hau fage a 2017 tana 'yar majalisa. Haihuwa biyu da kujerar majalisa a tsakiyar aiki, a wasan da hutun wata shida ke dusashe saurin ido, sannan a dawo ba a faɗi ba, wannan ba ya fitowa a lambobin da ka duba.

Ka tambaya ko yabon 'yan gida ne. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, ta wata fuskar da ba ita kake nufi ba. A shekarun da Nava ke tashe, Amurka ta juya wa damben mata baya. Bayan Laila Ali ta daina a 2007, manyan tashoshin can kusan sun daina nuna mata, sai da Claressa Shields ta zo da zinarenta na Olamfik ta jagoranci wasan dare a tashar Showtime a 2017. A tsakanin nan Meziko da Ajantina da Jamus ne suka riƙe sana'ar. A Meziko tashoshin TV Azteca da Televisa suna nuna dambe kyauta a daren Asabar, kuma mata irin su Nava da Torres da Juárez su ne ke zama babban wasan dare, maza na share musu fage. Saboda haka sunanta ya fi ƙarfi a ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, masu bin dambe ta kafofin Ingilishi kuma suka tsallake zamanin gaba ɗaya kamar ba a yi shi ba. Kuɗin ma bai kai sunan ba. Sai a Afrilun 2022 Katie Taylor da Amanda Serrano suka cika Madison Square Garden, babban ɗakin wasanni na birnin New York, kowacce ta tafi da abin da ya kai dala miliyan ɗaya, a shekarar da Nava ke ajiye safa. Su suka yi noma, wasu suka zo girbi.

Tsarin talabijin ɗin nan shi ne kuma ya jinkirta wasan da kowa ke jira. Nava tana tare da kamfanin shirya wasa na Zanfer da TV Azteca, Mariana Juárez tana ɓangaren Televisa, kowane gida na tsoron ba da tauraruwarsa aro. Juárez, La Barby, ba ƙaramar 'yar dambe ba ce: ta riƙe kambun WBC na kilo 50.8 daga 2011, kuma a Afrilun 2017 ta karɓi na bantam daga hannun Catherine Phiri ta Zambiya a Zócalo, babban dandalin tsakiyar birnin Meziko, a gaban taro mai ɗimbin yawa. An sha sa ranar haɗuwarta da Nava ana ɗagawa. Da aka zo yi, ranar 30 ga Oktoban 2021 a Tijuana, dukansu suna da shekara 41. Nava ta ci da maki, da rata mai faɗi, alƙalai uku baki ɗaya. Nasara ce mai kyau, kuma ita ce babban sunan gida da ta doke, amma in faɗa maka gaskiya wasan ya makara da kusan shekara takwas. Da an yi shi a 2013 ko 2014, da yanzu muna da amsar da ta fi wannan nauyi. Ranar 1 ga Oktoban 2022 ta yi wasan bankwana a Tijuana, ta doke Gloria Yancaqueo ta Ajantina da maki, ta sauka tana da shekara 42.

In kana son ka yi naka hukuncin, kada ka fara da wasan Leona Brown ko na Juárez. Nemi wasanninta biyu da Torres a YouTube, ka kashe muryar masu sharhi domin kowa da gwanarsa, ka ɗauki takarda da biro ka ba da makin kowane turmi da kanka kafin ka ji na alƙalai. Ka lura da wadda ke riƙe tsakiyar fage, da wadda naushinta ke sauka a jiki ba a kan safa ba, da wadda ke rufe daƙiƙa ashirin na ƙarshe. Bayan nan ka kalli turmi na takwas na wasan Oliveras na 2006, sannan ka buɗe na Córdoba ka ga yadda ta fito a turmin farko a gaban matar da ta kwantar da ita wata goma da suka wuce.